Yadda Ake Binciken Saƙar Dangantaka a Zauren WhatsApp: Jagora ga Ɗaliban Nazarin Zamantakewa

Akwai wani salon kundin digiri da ya yawaita a sassan nazarin zamantakewa da na aikin jarida har ya zama kamar gado. Ɗalibi zai ɗauki take mai farawa da "tasirin kafafen sada zumunta a kan matasa", ya raba takardun tambayoyi a bakin ɗakin lacca, ya ƙirga waɗanda suka ce sun yarda ƙwarai da waɗanda suka ce ba su yarda ba, ya zana jadawali, ya rufe aiki. Abin da irin wannan bincike ke kamawa shi ne ra'ayin mutane game da wayoyinsu. Ba ya nuna wa ke saurarar wa, ko ta hannun wa labari ke tsallakawa daga wannan gungu zuwa wancan, ko dalilin da ya sa wani ya nemi taimako a zaure aka yi masa caa da amsa, wani kuma ya nema aka yi tsit. Waɗannan tambayoyi su ne fagen nazarin saƙar dangantaka, kuma mai bincike guda, wanda ba shi da tallafin kowa sai waya da kwamfuta, zai iya amsa su idan ya bi aikin daki-daki.

Fagen ya girmi intanet nesa ba kusa ba. A shekarar 1932, Jacob Moreno da Helen Jennings sun yi nazarin wata makarantar horon 'yan mata da ke garin Hudson a jihar New York ta Amurka, inda 'yan mata 14 suka tsere cikin mako biyu, suka kuma nuna cewa matsayin kowace yarinya a cikin saƙar ƙawance ya fi halinta na kashin kanta bayyana wadda ta gudu. Daga nan aka samo al'adar zana mutane a matsayin ɗigo, dangantakarsu kuma a matsayin zare. Mu ma an taɓa yi mana irin wannan kallo: littafin Abner Cohen na 1969 a kan Hausawan Sabo a Ibadan ya bayyana yadda fataucin shanu da goro ya dogara da amanar da ke tsakanin maigida da dillali da baƙon da ya kawo kaya daga Arewa, har ana ba da bashin dabbobi masu tsada ba tare da takarda ba. Wanda zai nazarci zauren 'yan kasuwa a WhatsApp yau, tambayar Cohen ce yake maimaitawa, wurin haɗuwar ne kawai ya sauya.

Tambaya da iyaka

Mataki na farko shi ne ka tsara tambayar da amsarta ke tsakanin mutane, ba cikin kan mutum ɗaya ba. "Shin WhatsApp na ƙarfafa zumunci?" tambaya ce da ba ta da bakin zare. Amma idan ka ce, "A zauren tsofaffin ɗaliban aji kaza, su wa ake amsa wa idan sun nemi gudummawar asibiti ko labarin gurbin aiki, kuma mene ne ya haɗa su da masu amsawar?", to ka san abin da za ka ƙirga da wanda za ka tambaya. Yana da kyau tambayar ta jingina da wata sananniyar hujja da za ka gwada. Mafi shahara ita ce ta Mark Granovetter ta 1973, wanda ya tambayi ma'aikata a garin Newton kusa da Boston yadda suka sami aikinsu, ya tarar cewa cikin waɗanda suka samu ta hanyar wani, kashi 16.7 cikin ɗari ne kawai suke yawan ganin mutumin, sauran kuwa sai jefi-jefi ko ma da kyar. Dalilinsa shi ne aminanka sun san abin da ka sani, sabon labari daga nesa yake zuwa, ta bakin wanda kuka yi sanin shanu. Ko hakan yana aiki a inda neman aiki ke bi ta hannun kawu da ubangida, wannan tambaya ce da ta cancanci kundi guda.

Daga nan sai iyaka, wato su wa ke cikin binciken, su wa ke waje. A nan ne zauren WhatsApp ya fi shafukan Facebook da X sauƙi, domin yana da jerin mambobi a fili, kuma ba ya wuce mutum 1,024. Shawarata ita ce kada mai fara koyo ya ɗauki zauren da ya haura mutum sittin, domin aikin da ke gaba na hannu ne. Ka kuma yanke iyakar lokaci tun farko, ka rubuta dalilinta. Wata uku da suka haɗa da azumi da Sallah ba su yi daidai da wata uku na damina ba, kuma makon zaɓe yana iya mayar da zauren zumunci filin daga. Su ma manyan kafafen ba su da sauƙin shiga kamar da: tun 2023 Twitter, wato X ta yanzu, ta sa kuɗi a ƙofar da masu bincike ke kwasar bayanai ta cikinta kyauta, kamfanin Meta mai Facebook kuma ya rufe CrowdTangle, manhajar da masu bincike ke bibiyar yaɗuwar saƙonni a shafukansa da ita, a watan Agustan 2024. Wannan ƙarin dalili ne na riƙe ƙaramin zaure a yi masa aikin ƙwarai.

Neman izini

Kasancewarka mamba a zaure bai ba ka ikon mayar da hirar mutane kayan bincike ba. Da farko ka kai tsarin aikinka ga malamin da ke duba ka da kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarku, sannan ka nemi shugaban zauren a keɓe, zai fi kyau ido da ido, ka yi masa bayani, domin da ɗan gari akan ci gari. Amma yardar shugaba ba ta wadatar ba. Sai ka tura sanarwa ga kowa, a rubuce da kuma saƙon murya saboda waɗanda karatun boko bai zauna musu ba, ka faɗi ko kai wane ne, abin da za ka duba, tsawon lokacin, da cewa duk wanda bai so ba ya sanar da kai a keɓe kuma ba wanda zai sani. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da muhimmanci a wurinmu, saboda idan dattijon zaure ya riga ya ce "mun amince", ƙaramin da ke da damuwa ba zai iya ɗaga murya a bainar jama'a ba, kunya za ta hana shi.

Akwai kuma doka. Dokar kare bayanan sirri ta Nijeriya ta 2023 ta ware wasu bayanai da ta ɗauka masu hatsari, cikinsu har da addinin mutum da ƙabilarsa da ra'ayinsa na siyasa da lafiyarsa, kuma kusan babu zauren da za ka karanta na mako guda ba ka ci karo da huɗun nan ba. Ghana tana da tata dokar tun 2012, Nijar ma tana da hukumar da ke kula da wannan. Tarihin fagen yana cike da gargaɗi. A 2014 an wallafa wani bincike da Facebook ya yi a kan mutum 689,003, inda aka sauya abin da suke gani na tsawon mako guda don a ga ko yanayin zuciyarsu zai canja, ba tare da an tambaye su ba, kuma surutun da ya biyo baya har yau ana koyar da shi a darasin ɗa'a. Kafin nan, a 2008, wasu masu bincike sun saki bayanan Facebook na ɗalibai kusan 1,700 bayan sun goge sunaye, amma cikin 'yan kwanaki aka gano cewa jami'ar Harvard ce, saboda sauran bayanan sun isa su tona asiri.

Zama kafin ƙirga

Kafin ka buɗe jadawali, ka yi aƙalla mako biyu kana karanta zauren da littafin rubutu a gefe. Ka lura da lokacin da zauren ke farkawa da lokacin da yake kwanciya, da wanda ake kira da sunansa da wanda ake ce wa Malam ko Hajiya ko Shugaba, da abin da ke faruwa idan wani ya karya doka ya turo tallar siyasa. Ka rubuta kowace rana, da kwanan wata, ka kuma raba abin da ka gani da abin da ka zata. Wannan littafi shi ne zai cece ka daga baya, lokacin da alƙaluma suka fara faɗin abin da ba haka yake ba.

Mene ne zare?

Wannan shi ne matakin da aiki ke gyaruwa ko ya lalace, don haka zan daɗe a kansa. WhatsApp yana ba da damar fitar da hirar zaure zuwa fayil na rubutu ta wurin da aka rubuta Export chat, sai dai idan an kunna tsarin tsare sirri da ke hana hakan. Fayil ɗin zai ba ka kwanan wata da lokaci da mai turawa da abin da ya rubuta, amma daga ranar da ka shiga zauren kawai, kuma abin da ke cikin wayarka kawai. Ba zai nuna maka saƙon da wani ya ja ya ba shi amsa ba, ba zai nuna alamun da ake mannawa a ƙarƙashin saƙo ba, kuma idan ka fitar ba tare da hotuna da sauti ba, kowane saƙon murya zai koma layi guda mai cewa an tsallake shi. A zauren Hausawa wannan babban rashi ne, domin sau da yawa gaisuwa ce ake rubutawa, maganar da ke da nauyi kuwa, irin ta sulhu ko ta neman rance ko ta bayanin farashi, da murya ake yin ta. Saboda haka fayil ɗin ƙashi ne kawai, sai ka koma cikin wayar ka saurari kowane saƙo ka sa masa nama.

Ka buɗe jadawali a Excel ko makamancinsa, ka yi ginshiƙai biyar: mai magana, wanda aka yi wa, kwanan wata, nau'in hulɗa, da ko rubutu ne ko murya. Tun a nan ka sauya kowane suna da lamba, M01, M02, har zuwa ƙarshe, ka ajiye takardar da ta haɗa lamba da suna a wani wuri dabam mai kalmar sirri. Duk lokacin da wani ya ba wani amsa kai tsaye, ko ya ambaci sunansa, ko ya cika masa wata buƙata, layi ɗaya ke nan.

Sai babbar tambaya: kowace amsa ce zare? Na taɓa duba daftarin wani ɗalibi da ya ƙirga komai ba tare da tacewa ba, lissafinsa ya nuna masa cewa wanda ya fi kowa tasiri a zauren shi ne wani bawan Allah da ke turo hoton barka da Juma'a da addu'ar safiya, mutum ashirin su ce amin. Da muka koma littafin lurarsa, sai ga shi mutumin ya taɓa neman a taya shi cigiyar ɗakin haya, ba wanda ya tanka. Amin zare ce, amma ta ladabi, kuma ba ta ɗaukar kaya. Mafita ita ce a rarrabe hulɗa gida-gida: gaisuwa da addu'a, ba da labari mai amfani, taimako na kuɗi ko na aiki, gardama, da raha. Kowane nau'i saƙarsa dabam, kuma sau da yawa abin da ya fi daɗin ganowa shi ne yadda saƙar addu'a ta game kowa alhali saƙar taimako ta tsaya tsakanin mutum bakwai ko takwas.

Al'adarmu tana da tarko biyu da manhajar da aka ƙera a wani wuri ba za ta gane ba. Na farko shi ne wasa. Idan Bakano ya ce wa Bazazzagi bawansa, ko Bafulatani ya tsokani Babarbare, ko taubasai suka yi wa juna tatas, na'urar da ke auna zafin kalmomi za ta rubuta gaba, alhali kusanci ne mafi ƙarfi a zauren. Na biyu kishiyar wannan ne, wato alkunya. A zauren dangi, mace na iya shekara ba ta ba surukinta amsa kai tsaye ba, uwa kuma ba ta ambaci sunan ɗanta na fari ba, jadawalinka zai nuna babu zare tsakaninsu, alhali a gida ɗaya suke kwana. Haka ma aminai biyu da ke shago ɗaya ba su da dalilin yi wa juna rubutu a zaure. Rashin zare a waya ba shaidar rashin dangantaka ba ce, wani lokaci ma shaidar ƙarfinta ce. Ka ƙara da cewa lamba ɗaya ba kullum mutum ɗaya ba ce: akwai wayar da miji da mata ke amfani da ita tare, akwai dattijon da ɗansa ke rubuta masa, akwai kuma mai layi biyu da ya shiga zauren sau biyu.

Idan ka tsara ƙa'idojin rarrabewar, ka rubuta su a takarda guda, da misali ga kowane nau'i, ka ba wani abokin karatu saƙonni ɗari da ka riga ka cire musu sunaye, ya rarraba su ba tare da ya ga naka ba. Inda kuka saɓa da yawa, ƙa'idar ce ba ta fito ba, sai a gyara ta a sake gwadawa. Galibi tsakanin gardama da raha ake samun saɓanin.

Fita daga waya

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma wannan mataki shi ne na sa ƙafa. Ka nemi mambobin ɗaya bayan ɗaya, duka idan zai yiwu, ka yi musu tambayoyin da ke fito da sunaye. Shahararriyar tambayar da babban binciken zamantakewa na Amurka ya yi amfani da ita a 1985 ita ce a ce wa mutum ya ambaci waɗanda ya tattauna muhimman al'amura da su cikin wata shida da suka wuce. Idan ka fassara ta yadda take, za ka sha mamakin amsoshi, domin "muhimmin al'amari" a kunnen wani siyasa ce, a kunnen wani kuma aurar da 'ya. Gara ka sauko ƙasa: cikin 'yan zauren nan, wa za ka iya tambaya rancen kuɗin mota ba tare da jin nauyi ba? Wa ka je wa biki ko ta'aziyya a bana? Da wa kake magana a keɓe bayan an yi gardama a zaure? Ka riƙa miƙa jerin sunayen mambobin mutum ya duba, saboda ƙwaƙwalwa tana zubar da mutane.

Kada ka ɗauki amsar hira a matsayin gaskiya tsantsa, kada kuma ka ɗauke ta ƙarya. A shekarun 1970, Russell Bernard da Peter Killworth sun kwatanta abin da mutane suka ce game da waɗanda suka yi magana da su da abin da aka rubuta a zahiri, ciki har da kurame masu amfani da na'urar buga saƙo a birnin Washington, suka tarar kusan rabin abin da ake faɗa bai dace da rikodin ba. Daga baya Linton Freeman da abokan aikinsa suka nuna a 1987 cewa kuskuren yana da tsari: mutane suna tuna abin da aka saba, ba abin da ya faru ranar Talata ba. Ke nan waya tana ba ka abin da ya faru, hira tana ba ka abin da aka saba, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita kanta sakamako ce da za a rubuta.

Lissafi da zane

Yanzu sai ka tattara layukan jadawalinka, duk mutum biyu layi ɗaya, da adadin sau nawa suka yi hulɗa a matsayin nauyin zaren. Ka adana shi a tsarin CSV, wanda Excel ke ba da zaɓinsa wajen adanawa, ka sa wa ginshiƙan farko sunayen da Gephi, manhajar zana saƙa da auna ta, ke nema, wato Source (mai magana) da Target (wanda aka yi wa) da Weight (nauyin zaren), ka shigar. Gephi kyauta ce, kuma tana aiki ba tare da intanet ba bayan an sauke ta. Wanda ya iya harsunan kwamfuta na R ko Python zai iya amfani da kayan aikinsu na nazarin saƙa, igraph ko NetworkX, amma ga zauren mutum arba'in babu buƙata.

Awo uku sun isa mai farawa. Na farko shi ne kaurin saƙa, wato zare nawa aka samu cikin waɗanda za su iya samuwa. A ƙaddara zaurenka na da mutum 40: ka ninka 40 da 39 ka raba biyu, ka sami 780, iyakar zaren da zai yiwu idan ba a damu da wanda ya fara magana ba. Idan ka ƙirga 117, kaurin ya zama kashi 15 cikin ɗari. Wannan adadi shi kaɗai ba ya cewa komai, sai an kwatanta shi da wani, misali kaurin saƙar addu'a da na saƙar taimako a zaure ɗaya, kuma kada a kwatanta ƙaramin zaure da babba, domin kauri yana raguwa da ƙaruwar jama'a ko da halin mutane bai sauya ba. Na biyu shi ne yawan zaren kowane mutum, a nan kuma dole a raba zaren da ke fita daga wurin mutum da wanda ke shigowa wurinsa, saboda mai yawan magana dabam, wanda ake yawan nema dabam. Na uku shi ne awon dillanci, wanda ke ƙirga sau nawa gajeriyar hanya tsakanin wasu mutum biyu take bi ta kan wani. Freeman ne ya daidaita waɗannan ma'aunai a ƙarshen shekarun 1970, Ronald Burt kuma ya gina hujjarsa ta 1992 a kan cewa riba tana wurin wanda ya tsaya a kan giɓin da ke tsakanin gungu biyu. Duk wanda ya taɓa sayen rago a kara ya san wannan tun kafin a rubuta shi. A zaure, dillalin yakan kasance mutum mai ƙarancin magana, wanda yake cikin 'yan kasuwa kuma yake cikin ma'aikatan gwamnati, kuma idan ya fita sai zauren ya rabe biyu ba tare da an yi faɗa ba.

Game da zanen kansa, a yi hattara. Gephi za ta ba ka hoto mai launuka da zai burge kwamitin jarrabawa, amma kasancewar ɗigo a sama ko a ƙasa, dama ko hagu, ba shi da wata ma'ana, kuma idan ka sake danna maɓallin zai iya sauya wuri. Haka ma gungun da manhajar ke rarrabawa da launi, lissafi ne ya yanka su, sai ka koma ga littafin lura da hirarraki ka ga ko sun dace da wani abu da mutanen suka sani, kamar unguwa ko sana'a ko shekarar kammala makaranta. Masu shiru kuma kada a goge su don hoto ya yi kyau. A yawancin zauruka su ne suka fi yawa, kuma hira takan nuna cewa suna karanta komai, wasunsu ma su ne ke kwashe saƙo su kai wasu zaurukan.

Fassara sakamako

Za ka ga cewa masu ra'ayi ɗaya sun taru wuri guda a zanenka, kuma zuciya za ta raya maka ka rubuta cewa zauren ne ya sauya musu tunani. Dakata. Karin magana biyu na Hausa sun riga sun shata gardamar da masana ke yi a nan: ɗaya ta ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, ɗayar ta ce sai hali ya zo ɗaya ake abota. Ta farko tana nufin abokai ne ke sauya mutum, ta biyu tana nufin mutum ne ke zaɓar masu kama da shi, kuma hoton rana ɗaya ba zai iya raba maka su ba. Ko binciken Nicholas Christakis da James Fowler na 2007, wanda ya bi mutum fiye da 12,000 na garin Framingham tsawon shekara 32 ya ce ƙiba tana bin zaren abota, ya sha suka a kan wannan gaɓa. Akwai ma dalili na uku, wato abin da ya shafi mutanen gaba ɗaya daga waje, kamar malami guda da suke saurara ko tsadar da ta same su tare. Idan kana son kusantar amsa, ka ɗauki saƙar sau biyu ko uku a lokuta dabam-dabam, ka ga wanne ya riga wanne, zaren ko ra'ayin. Idan ba ka da wannan dama, ka rubuta "suna tafiya tare", kada ka rubuta "ya haddasa".

Haka kuma zaure ɗaya zaure ɗaya ne. Bai wakilci matasan Kano ba, balle na Arewa, kuma waɗanda ba su da babbar waya ko kuɗin data, waɗanda galibi mata ne da mutanen karkara da tsofaffi, ba su shiga lissafinka ba tun daga tushe. Ƙarfin aikinka yana cikin zurfinsa, sai ka faɗi iyakarsa da bakinka a babin hanyoyin bincike kafin mai jarrabawa ya faɗa maka.

Rubutawa da mayar da bayani

Wajen rubutu, sauya suna bai isa ba. Idan ka ce "wata ma'aikaciyar jinya mai 'ya'ya huɗu da ta dawo daga Umara", duk ɗan zauren ya san ta. Ka rage bayanan da ba su shafi hujjarka ba, ka faɗi rukunin shekaru maimakon shekara, ka ɓoye sunan zauren da unguwar. Idan za ka kawo maganar wani kalma da kalma, ka nemi izininsa na musamman a kan wannan jimlar, domin kowane mamba na iya bincika ta a wayarsa ya ga mai ita cikin daƙiƙa. Maganar da ta shafi bashi ko aure ko rashin lafiya, gara ka ba da ma'anarta da kalmominka.

Mutanen da suka ba ka dama suna da haƙƙin jin abin da ka gano, kuma saƙon murya na minti uku cikin Hausa mai sauƙi ya fi a tura musu kundi mai shafi ɗari. Amma kada ka tura zanen cikin zauren, ko da lambobi ne a kansa maimakon sunaye. Mutum arba'in da suka san juna za su warware lambobin kafin la'asar, kuma wanda ya ga kansa ɗigo guda a gefe, babu zaren da ya taɓa shi a saƙar taimako, ba zai manta ba. Ka ba su sakamakon a dunƙule: kashi nawa na buƙatun da aka kawo aka amsa, wane irin saƙo ne ya fi samun amsa, da ko sababbin mambobi na samun shiga. Bayan an kammala jarrabawa kuma wa'adin ajiya da kwamitin ɗa'a ya gindaya ya cika, ka goge fayil ɗin hirar da saƙonnin murya daga kwamfuta da imel da duk inda ka yi musu ajiya, ka fara da takardar nan da ta haɗa lambobi da sunaye.